Yadda Na Kai Kayan Illa Gida

Tun da na dawo daga Adar, can ƙasar Nijar, ba ku bar ni na zauna a kan keken ɗinki ba. Wannan ya leƙo shago ya ce, "Sani, yaya ƙasar Faranshi?" Wancan ya ce, "Wai har noma ka yi?" Malam Audu mai goro kuwa sau uku yana tambayata ko da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda. To zan faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji. Amma ku sani ba yawo na je ba, saƙon mutuwa na kai.

Kun dai san Illa, dogon nan ɗan garuwa da ke ajiye garwarsa a ƙofar shagona. Rani bakwai yana zuwa Funtuwa cirani daga ƙauyensu na can Nijar, ya zo bayan girbi, ya koma in hadari ya fara haɗuwa. A zauren bayan shagona yake kwana. Ni da shi kullum tsiya muke, ina ce masa Ba'adare mai fura, yana ce mini Tela Gobe. Mutanen kasuwa kuwa cewa suke in mun jera ba a gane wane ne wane ta baya, don tsawonmu ɗaya, ramarmu ɗaya.

Bana ya kawo mini atamfa turmi biyu, ɗaya ta mahaifiyarsa, ɗaya ta matarsa, da ɗan yadi na rigar 'yarsa. Na ce gobe. Ya dawo, na ce jibi. Haka muka yi ta yi har sati uku. Ranar Alhamis 'yan garinsu suka haɗa kaya suka tafi gaba ɗaya, shi ya tsaya jiran ɗinki. Ranar Asabar da hantsi ya ajiye garwa, ya sha rabin shayina ba tare da ya tambaya ba, ya ce, "Tela, in ruwa ya sauka gonata ba shuka, kai za ka ciyar da tsohuwa." Na ce ya ɓace mini da gani, da yamma zai samu. Ya yi dariya, ya saɓa sanda a kafaɗa, ya yi taku kamar goma, sai na ga ya zauna a ƙasa. Na zaci igiya ce ta tsinke. Har na buɗe baki zan yi masa tsiya. Kafin in zagayo daga bayan keke, Illa ya cika.

Ba ciwo, ba jinya, ba ko ciwon kai. Shayin da ya rage bai ma huce ba.

Wasunku sun je jana'iza, ba sai na maimaita ba. Abin da ba ku sani ba shi ne, da muka dawo daga maƙabarta na rufe ƙofa na hau keke, kafin la'asar na gama kayan nan uku. Aikin da na ja sati uku, ko yini bai ci ba. Na ninke su ina kuka kamar mace mai sabon jego, ba na jin kunyar faɗa.

Sai maganar wa zai gaya wa uwarsa. Mutanensu sun riga sun wuce, kuma sun ce mata yana nan tafe. Wani ya ce a rubuta wasiƙa. Na ce wasiƙa ta yi wata a hanya, tsohuwa tana kallon hanya kullum, sannan a ba wani ya karanta mata a gaban jama'a? Ni na tsayar da shi, ni zan je. Na zuba kayansa a akwatinsa na ƙarfe, rediyo da sabulu da sukari da ɗinkin, na ɗaure tabarmarsa da malafarsa a kai.

Funtuwa zuwa Sakkwato ba abin faɗa, sai zafin bazara da wani mai kaji da ya ɗora mini kwando a gwiwa tun daga Gusau. Na kwana a tasha, da safe na kama motar Illela.

A kan iyaka ne na fara sanin na bar gida. Namu suka dube ni suka ce wuce. Can gaba kuwa sai ga 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, cikin kaki mai guga, ba mai murmushi. Ɗaya ya sa na buɗe akwati. Ya ɗaga rediyo, ya ɗaga atamfa, ya yi wani yare da abokinsa, sannan ya juyo da Hausa ya ce fatauci ne wannan. Raina ya ɓaci, kun san ni, na ce wane ɗan kasuwa ne zai tsallaka ƙasa da riga uku? Ya ce to kayan wa? Na ce na mamaci ne, gida zan kai wa uwarsa. Mutumin nan ya mayar da rediyon, ya ninke atamfar da hannunsa, ninki mai kyau wanda ko ni ba zan raina ba, ya rufe akwatin. Ya ce, "Allah shi jiƙai nai." Har ɗaga mini akwatin ya yi na ɗora a ka.

A Ƙonni na ga burodin, Malam Audu. Gaskiya ne, ya kai kamu biyu, bayansa kamar ɓawon itace, sai da ya yanke mini dasashi. Tasha kuma otogar suke ce mata, babbar mota kamiyo. In ka tambayi nisa ba mai ce maka mil, sai kilo, kamar nama za a auna.

A cikin kamiyon Madawa na zauna kusa da wani dattijo mai farin gashi da 'yar jaka a cinya, Malam Ishaku. Muka gaisa, ya ba ni goro. Da aka tsaya azahar na ga bai sauko alwala ba, sai ya ce in je, zai duba mini akwati, shi Kirista ne, a asibitin mishan da ke kan hanyar yake aiki. Na riƙe baki. Ni a zatona Kirista sai mutanen kudu, ga wannan Hausarsa ta fi tawa nauyi, irin ta Illa sak.

Da mota ta tashi ya tambaye ni ina na nufa, na ba shi labari duka, har da gobe da jibin. Sai ya ce, "To yaya za ka gaya mata?"

Na ce zan yi sallama, in gaishe ta, in faɗa.

Ya girgiza kai. Ya ce, "A'a, ɗana. Ba a yi wa tsohuwa haka. Ni aikina ke nan, kusan kowane sati sai na aika irin wanga saƙo. Na farko, kada akwatin ga shi shiga garin tare da kai. Yanzu lokacin dawowar 'yan cirani ne, kowace uwa ta san akwatin ɗanta daga nesa. Ka aje shi a wani gari. Na biyu, kada ka tambayi gidansu, gidan liman za ka tambaya. Liman shi tara dattawa biyu ko uku, su shiga su zauna. Su ce an samu labari Illa ba shi jin daɗi. In ta sha wannan, su ce jikin ya yi tsanani. Da kanta za ta iso wurin, su kuma suna riƙe da ita. Kai naka zama a waje har a kira ka."

Na ce ai mu ma haka muke yi, mantawa na yi. Ya ce ya sani, mai ɗauke da mutuwa ba ya tuna komai. Ya sauka a wani gari da buhunan albasa suka cika bakin hanya, ya ɗaga mini hannu. Ban sake ganinsa ba, amma har yau ina yi masa fatan alheri.

Mun shiga Madawa gab da magariba. A bakin gari jandarma, 'yan sandan ƙasar, suka tsayar da mu suna neman katin shaida. Ni ba ni da komai sai takardar haraji, na miƙa. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya dube ni, ya ce in wuce kawai. Bayan salla na tsaya a ƙofar masallaci da akwati ina waige-waige, wani tsoho mai sayar da kanwa ya kama hannuna ya kai ni zaurensa, bai ko tambayi sunana ba sai da na ci tuwo. Tuwon gero ne da miyar kuka, ba nama, ba mai, amma na share kwanon. Da safe aka kawo fura a ƙwarya. Jama'a, a nan na gane tsiyar da nake yi wa Illa ba ƙarya ba ce. Mu fura ta rana ce, su kuwa ita ce karin kumallo, ita ce abincin rana, in ka yi baƙo ita ce, in ta ragu a ƙara ruwa a ci gaba. Tsohon ya ce tun yunwar nan ta shekarun baya ba ya iya ganin baƙo tsaye bai kira shi ba. Ya ce a lokacin ya binne 'ya'ya biyu cikin sati ɗaya. Ya faɗa yana gyara igiyar awakinsa, bai ɗago ba.

Daga Madawa zuwa Buza babu kwalta. Jar ƙasa ce da duwatsu baƙaƙe, mota ta hau tudu ta gangara kwari, ta sake hawa. A saman kaya muka zauna, kan buhunan kanwa. Sau biyu muka kafe cikin yashin rafin da ya bushe, kowa ya sauka turi, har da wata tsohuwa da ke turawa da hannu ɗaya tana zagin direba da ɗayan. A kan wani tudu ne iska ta fizge mini hula. Hulata zanna, wadda na yi Salla biyu da ita! Na yi ihu, na buga rufin mota, direba ko a jikinsa. Ina kallo tana birgima cikin duwatsu. Mutanen mota suka yi ta dariya, ni ma na yi, ban san abin da za ta jawo ba.

A Buza na ci cuku, wani busasshen nono da Buzaye ke yi, fale-fale kamar takarda. Da shayi yana da daɗi, in ba shayi kuwa sai mai haƙora. Nan na samu wata ƙaramar mota mai zuwa wajen Keita, ta sauke ni a mararraba, wani mai amalanken shanu ya ƙarasa da ni Allakaye. Na yi yadda Malam Ishaku ya ce. Na nemi gidan mai gari, na bar akwatin a zaurensa, aka lulluɓe da buhu. Aka kwatanta mini ƙauyen su Illa, tafiyar awa ɗaya a ƙafa, aka ce gidan liman na gabas da masallaci.

Har na fito sai na shafa kaina, na ji ba hula. Rana tana ƙuna, irin ranar da ke sa mutum ganin biyu-biyu. Ban da wannan ma, yaya magidanci kamata zai shiga garin mutane ya durƙusa gaban liman da maganar rasuwa, kai a sake kamar ɗan tasha? Na koma zauren, na kwance malafar Illa daga kan akwati, na kifa a kai. Wata tsohuwar malafa ce mai jar fata a tsakiya da igiya a haɓa. Wallahi ban kawo komai a raina ba, har ina yaba wa kaina da na san ya kamata.

Hanyar ta bi ta kan tudu, ƙauyen na ƙasa cikin kwari, rijiyarsu a bakin gari. Ina gangarowa na hango mata a rijiyar. Na ga ɗaya ta sa hannu a goshi tana kallona. Na ga ta saki guga ta ruga cikin gari. Sai na ji guɗa.

Ban gane ba sai da na ji ana kiran suna. "Illa! Illa ya taho!"

Na kai hannu zan cire malafar, igiya ta sarƙe a haɓata. Kafin in kwance, ga wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa ta fito daga cikin gari da ƙwaryar ruwa, tana sauri irin na wanda ya manta da shekarunsa, ruwa na zuba a zanenta. Tana tafe tana dariya tana faɗa. "Ɗan nema! Sai yau? Kowa ya taho sai kai? Ka bari hadari shi riga ka?"

Idonta ba shi da ƙarfi sosai. Sai da ta zo kamar taku biyar sannan ta tsaya. Ta dubi fuskata. Ta dubi malafar da ke hannuna. Ta sake duban fuskata. Duk abin da Malam Ishaku ya koya mini, liman, dattawa, ba shi jin daɗi, jiki ya yi tsanani, duk na rushe shi da hannuna. Sai hawaye suka zubo mini.

Ta miƙo mini ƙwaryar da hannu biyu. Ta ce, "Sha, baƙo. Ka sha rana."

Na karɓa na sha, don ban san abin da zan yi ba. Ta jira har na sauke. Sannan ta ce, "Yaushe?"

Na ce, "Asabar, Inna."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta zauna a wurin, a kan hanya, kamar yadda ɗanta ya zauna a ƙofar shagona. Matan da suka biyo ta da guɗa suka kewaye ta, guɗar ta koma kuka. Ni kuwa ina tsaye da ƙwarya, na gwammace ƙasa ta tsage.

Liman ya zo ya janye ni zuwa zaurensa. Da na gaya masa yadda aka yi bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Kai, ɗan birni." Wannan ta fi mini zagi ciwo. Aka aika aka ɗauko akwatin. Matar Illa, Rabi, ta shiga takaba, aka ajiye atamfarta ba ta ko buɗe ba. Rigar 'yar kuwa da aka saka mata ta ɗage sama da gwiwa. Da hannu Illa ya gwada mini tsawonta a jikin cinyarsa, ita kuma ta ƙara tsawo bayan tafiyarsa.

Kwana uku na yi a zauren liman ana karɓar gaisuwa. Zaman makokinsu kamar namu ne, sai dai ba a cika surutu ba. Mutum zai taho daga wani ƙauye a ƙafa, ya tsuguna, a yi Fatiha, ya sha fura, ya tashi. Kowa ya zo sai an nuna ni an ce ga wanda ya kawo kaya, su yi ta sa mini albarka. Ni kuwa kowace albarka kamar ana ɗora mini dutse, don ba wanda ya san dalilin da ya sa Illa bai taho da 'yan uwansa ba. Ban ga Inna ba cikin kwanakin nan, kuma ban nemi ganinta ba. Tsoro nake ji.

Ranar da zan taho, da asuba, ruwa ya sauka, ruwan farko mai ƙarfi. Gari na wayewa na ga abin da ban taɓa gani ba. Garin da ke makoki jiya ya watse kaf, maza da mata kowa ya nufi gona. Liman ya ce a ƙasarsu in ba ka yi shuka a kan ruwan farko ba, wataƙila ka jira sati uku, wataƙila ka rasa shekarar. Yana faɗa yana ɗaukar sungumi. Na leƙa waje, sai ga Inna ta wuce ita kaɗai, ƙwaryar iri a ka, sungumin Illa a kafaɗa ya fi ta tsawo.

Na bi ta na karɓi sungumin. Ba ta hana ni ba. Ku da kuka ce wai har noma na yi, to ga noman. Ina gaba ina sara, tana baya tana jefa gero tana rufewa da diddige. Rabona da gona tun ina yaro. Layina ya karkace, tafina ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa, ta yi ta ce mini in rage taku, ramukan sun yi nisa da juna. Da 'yan garin suka gama nasu suka zo suka kama mana, kafin azahar an rufe gonar.

Muka zauna a gindin wata aduwa, ni da ita. Na ce yau ko ba yau ba. Na ce, "Inna, ina da laifi biyu a wurinki." Na gaya mata maganar ɗinkin, ban rage komai ba. Na ce da na cika alkawari, da a gabanki zai cika, ki rufe masa ido da hannunki.

Ta daɗe tana murza ƙasa a yatsunta. Ta ce, "Kai ne Tela Gobe?"

Na ce ni ne.

Ta yi ɗan murmushi. "Kowace damina sai ya ba mu labarinka. Ƙasar da za ta ci shi ce ta riƙe shi, ɗana, ba kai ba. Amma ka daina ce ma mutane gobe. Ba taka ba ce." Ta ce, "Na biyun fa?"

Na ce malafar. Na ce an koya mini yadda zan yi a kawo miki maganar a hankali, na ɓata. Na sa kin fito da murna, na sa kin yi gudu a gaban mutane. Ki yafe mini.

Ta juyo ta dube ni sosai da idanun nan nata masu hazo. Ta ce, "Wannan ba ni yafewa, don ba laifi ba ne. Wata bakwai ina kallon tudun can. Da liman ya shigo mini da dattawa, da shi ke nan, ban ƙara ganin Illa ba. Amma ranar nan na gan shi. Daga ƙofar gida har bakin rijiya ɗana yana da rai, yana gangarowa gida, ina yi mai faɗa. Ko yanzu in na rufe ido ina ganin shi bisa tudun."

Ta tashi ta kakkaɓe zane, ta ɗauki ƙwaryar iri. Ta ce in tashi mu tafi, fura na jira, kuma in sa wa hannun nan man shanu kafin ya fashe.